Ganyen Ƙaiƙayi na Bayan Ɗakin Inna

Mai kowa ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke taruwa kullum da yamma a saman duwatsun Pauwa, ya yi ta alkawari, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Uwar mijina ce ta rasu. Shekara ashirin da 'yan kai muna cin tuwo daga tukunya ɗaya ban taɓa furta sunanta ba, kuma ba don ta kwanta dama zan fara yau ba. Inna nake ce mata. Ita kuwa har ta bar duniya Amarya take ce mini, alhali furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, babbar 'yata ma tana ɗakin miji.

Ban san Inna na da jama'a haka ba sai ranar. Kafin a kai ta da azahar babura sun toshe ƙofar gidanmu da ke bakin garin Ƙanƙara. Mata suka zo daga Ketare a bayan a-kori-kura, wasu daga Faskari, wata mota ta taso tun daga Sabuwa da tsofaffi uku a ciki. Ƙanenta, wanda muke kira Kawu, ya zauna a tabarma ɗaya da liman, ko da yake shi coci yake zuwa. Haka gidansu yake. Maguzawa ne tun asali, wasu suka musulunta kamar Inna, wasu suka bi hanyar Kawu, amma mutuwa da biki ba su taɓa raba musu tabarma ba.

Kukan matan ba mai ƙara ba ne. Kowacce ta zauna, ta yi gaisuwa, sai ta kawo nata labarin. Wata ta ce ba don miyar Inna ba da ɗanta na fari bai sha nono ba. Wata ta ce ƙafafunta sun taɓa kumbura har takalmi ya ƙi shiga, Inna ta dafa mata ruwan ganye ta sha kwana bakwai. Wata tsohuwa kuma ta yi dariya cikin hawaye, ta ce ita dai dukan da ta sha a gwiwa take tunawa.

Ranar sadakar uku wani dattijo daga wajen Pauwa ya aiko a kira ni zaure. Na same shi zaune yana murza gwiwarsa ta dama da tafin hannu. Na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, "Ɗiyata, Allah shi jiƙanta, shi ba ku haƙuri. Amma ganyen nan hwa? Shina nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Ƙarya na yi masa. A lokacin da nake maganar, wuta ta kwana uku tana ci a kan wurin da ganyen yake, kuma ni ce na nuna wurin da bakina.

Bari in koma baya, don a san abin da nake kuka a kai.

Ni 'yar cikin garin Faskari ce. Da aka kawo ni ƙauyen mijina, a gindin duwatsu, cikin watan da gero ke fitar da kai, abin da aka cusa mini a kunne shi ne kada uwar miji ta riga ni taɓa tsintsiya. To, na ɗauki maganar da ƙarfi fiye da yadda aka ba ni. Kwana goma da tarewa na leƙa bayan rumbun Inna, na ga ciyawa ta yi duhu har ƙugu, a inuwa, inda ruwan randa ke gangarawa. Na ce a raina, oho, wato ga abin da tsohuwa ta kasa, yau za ta san an kawo mata suruka. Na jira ta tafi rafi, na ɗaura zane, na duƙa da hannu biyu.

Damƙar farko na ji kamar na cusa hannu cikin gidan rina. Wani mai hankali da ya tsaya. Ni kuwa taurin kai gado ne a gidanmu, na naɗe hannuwana da tsumma na ci gaba, ina hawaye ina tugewa, har wurin ya yi fes. Na kwashe na kai juji. Sannan na zauna a ƙofar ɗaki ina susa, hannuwa sun yi luhu-luhu, ina jiran yabo.

Inna ta dawo da tulu a ka. Ta zagaya bayan rumbu, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ba ta sauke tulun ba ma.

"Ke ɗiyar nan, mi kika yi?"

"Gyara na yi, Inna."

"Ina kika zubda shi?"

Na nuna juji. Ta je ta tsaya a kansa, ta dube shi, ta ja ɗan ƙasa da ƙafa ta rufe. Ta dawo ta ɗebo toka mai sanyi daga murhu ta shafe mini hannuwa har gwiwar hannu, ba tare da ta dubi fuskata ba. Abin da ta ƙara kawai shi ne, "Kar ki sosa. Bari shi gama hwaɗin abin da ya kawo shi." Daga nan kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai. Na yi kuka a ɗaki har na fara lissafin hanyar Faskari.

Rana ta huɗu da sassafe ta tsaya a bakin labulena ta ce, "Amarya, ɗauko ƙwarya." Muka bi ta cikin gero, raɓa na jiƙa mana zane, muka hau dutse. Har yau in na rufe ido ina ganin safiyar nan. Gajimare ya sauko ya kwanta a tsakanin duwatsun, Inna na gaba tana shiga cikinsa tana fita, wani lokaci ƙafafunta kawai nake gani, wani lokaci ɗankwalinta. A wani lungu inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse, sai ga shi ya cika wurin, kore shar, yana sheƙi.

Mutanenmu ba su ba shi wani suna na girma ba, ganyen ƙaiƙayi kawai suke cewa. Ba karara ba ce, ita karara yaɗo take yi kuma a kwansonta masifar take. Wannan a tsaye yake, karansa ja-ja mai ruwa, ganyensa kamar tafin hannun yaro, bakinsa a tsattsage, jikinsa duk farin gashi ƙanana. Inna kuwa "mai hushi" take ce masa, kuma tana faɗin sunan da irin muryar da ake kiran ɗan da ya fi kowa rigima a gida.

Ta sa hannu tsirara ta kama karan daga ƙasa, ta shafo sama, ta tsinke kan. Ko gezau. Ta ce gashin sama yake kallo, in ka bi shi ta inda ya kwanta ba ruwansa da kai, in ka zo masa ta ka ko kana ɗar-ɗar, to kai ka jawo. Ta ce in gwada. Na gwada, ya cije ni. Na sake, ya sake. A karo na biyar na tsinko kai guda lafiya, Inna ta ce, "To, kin gaisa da shi ke nan." Wannan ce maganar kirki ta farko da ta shiga tsakaninmu.

Da damina ta zagayo, ganyen ya fito a kan juji, daidai inda na zubar, ya fi na bayan rumbu yawa. 'Ya'yansa ne suka zube a wurin, ƙanana ne har ido bai cika kama su ba. Inna ta kira ni ta nuna mini da haɓa. Na ga gefen bakinta yana motsi.

A shekarun da suka biyo baya na ga aikin mai hushi iri-iri. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na masu ciwon gwiwa. Dattijo zai zo da sandarsa, mutumin da in ya yi gyaran murya a gidansa kowa ke shiga taitayinsa, Inna ta kifa masa turmi ya zauna, ya naɗe wando. Ta tsinko ɗanyen reshe ta shiga tsula masa a gwiwa.

"Wayyo Allah! Yaya, ya isa, na warke!"

"Zamna. Ɗayar hwa?"

Mu muna madafa muna toshe baki da zane. Gwiwar ta yi ja, ta yi ɗumi, mutum ya tashi yana zagin ganye da wanda ya fara gano shi, bayan wata guda kuma ya dawo da ƙafarsa. Na taɓa tambayarta ko maganin gaske ne, ko kuwa sabon zafi ne ke mantar da su tsohon. Ta ce ita ba likita ba ce. "Ni dai na ga suna zuwa da sanda, su tahi su manta ta nan." Gaskiyarta. A bayan ƙyauren ɗakinta akwai sanduna sun fi goma, ba ko ɗaya da mai ita ya dawo nema.

Tana dafa ruwansa ga tsofaffin maza da fitsari ke yi wa gardama, da masu kumburin ƙafa. 'Yan mata na wanke kai da shi in gashi na zuba. Amma tana da iyaka, kuma ba ta ƙetare ta. Mai ciki ko ta yi ta roƙo ba ta ba ta. Wani mutum ya zo ya ce yana ganin jini a fitsarinsa, ko tashi daga kan tabarma ba ta yi ba, ta ce, "Wanga ya hi ƙarhina. Hau babur ka tahi asibiti yau, ba gobe ba." Ba ta taɓa jin kunyar cewa ba ta sani ba, abin da na ga ya gagari masu magani da yawa.

Ni kaina a haihuwata ta biyu na san darajarsa. Mahaifiyata ta rasu kafin nan, ba gidan da zan je wanka. Na zubar da jini da yawa, aka sallamo ni daga asibiti da ƙwayoyi, fuska fari fat, in na miƙe ɗakin ya juya. Inna ta ce in sha ƙwayoyina kada in tsallake ko ɗaya, ita kuma za ta yi nata. Kullum bayan wankan safe sai ta shigo da ƙaramin kasko. Ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa, nan take hushinsa ya mutu, ta yanka, ta haɗa da daddawa da dakakkiyar gyaɗa. Ɗanɗanonsa na tsakanin alayyafo da rama, da wani ƙamshi kamar na ƙasa in an yi yayyafi. Uwar miji ba ta zama a gadon suruka, wannan kowa ya sani. Inna ta zauna. Ta riƙe jaririn, ta juya mini baya wai don in ci a sake, tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa. Kwana arba'in ba ta fasa ba. A cikinsu ne na daina jin cewa ni marainiya ce, kuma tun daga nan nake sonta, so na gaske, ko da yake ban taɓa samun bakin faɗa mata ba.

Rigimarta da maigidana kuwa a kan ganyen nan ce kaɗai. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Shekarar da maganin feshi ya shigo gonakinmu, ya dawo daga gona da tankin a bayansa, da saura a ciki, ya ce bari ya fesa bayan rumbu don macizai. Inna ta fito da muciya ta tsaya a gabansa, amma ni ta kalla.

"Amarya, hwaɗa ma wancan, in ya ɗiga abin nan a nan, shi nemi wata uwar."

Yana tsaye tsakaninmu, taku biyu. Na juya na ce, "An ce in gaya maka." Ya ce ya ji. Ya juya da tankinsa. A shekarun nan feshi ya cinye ganyen a bakin gonaki da gefen rafi kaf, ya rage sai na lungun dutse da na Inna.

Sai kuma zaman ƙauye ya gagara. Ba zan tsaya ba da labarin 'yan bindiga ba, duk wanda ke wannan yanki yana da nasa. Wata safiya dai aka ce kowa ya ɗauki abin da babur zai iya ɗauka. Cikin rani ne, bayan rumbu ba komai sai busasshiyar ƙasa. Ina ɗaure kayan yara na hango Inna durƙushe a wurin, tana kankare saman ƙasar da sakaina tana zubawa a babbar ƙwaryarta. Ta bar kwanukan da ta tara tun aurenta, ta bar gadonta. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗaure da zane, ta rungume ta a cinya tun daga ƙauye har Ƙanƙara, babur na faɗawa rami yana fita. Mata a hanya na tambaya ko gari ne. Ta ce ƙasa ce. Suka dubi juna, suka ɗauka tashin hankali ya taɓa tsohuwa.

A sabon gida ta zaɓi bayan ɗakinta, ƙarƙashin dalbejiya, inda ruwan alwalarta ke zuba. Ta baje ƙasar, ta jera manyan duwatsu uku a gefe don kada a taka. Damina na sauka ya fito. Ranar ne na fara ganin haƙoranta tun da muka baro gida. Labari ya bazu, mutanenmu da suka warwatsu a Faskari da Sabuwa da Ketare suka riƙa zuwa, wasu don gwiwa, wasu ina jin don kawai su ga wani abu na ƙauye yana raye.

A shekarunta na ƙarshe ta fi zama a wurin da la'asar. Takan jingina da bango, idonta rabi a rufe, ta riƙa kiran wuraren ƙauye ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin hanya: bakin rafi, tsamiyar makiyaya, gonar marigayi, lungun dutse. In ta kai lungun dutse sai ta yi shiru. Nakan zauna kusa ina tsince wake, iska na kaɗa ganyen, inuwar dalbejiya na yawo a fuskarta, har in rasa ko barci take ko tafiya.

Mako guda kafin rasuwarta ta sa na fito da ita. Wurin fayau yake, rani ya share shi. Na ce, "Inna, bana kam ya bushe ƙurmus."

Ta ce, "Bai mutu ba, kwance shike. Uwata ta ba ni shi, ita ma tata ta ba ta. Ni ban haihi mace ba. Amarya, ki tsare min wurin ga."

Na ce, "Zan tsare, Inna."

To, ranar da ta rasu, ana cikin wanka da neman likkafani, kaina ba ya jikina, wata maƙwabciya ta tambaye ni inda za a kafa manyan tukwanen abincin baƙi. Na ce, "Ku duba bayan ɗaki, akwai inuwa." Haka na ce, ni da bakina. Ƙannen maigidana suka zagaya, suka tarar da duwatsu uku a jere kamar an ajiye musu. Suka sa shebur suka kankare tudun ƙasar don tukunya ta zauna daidai, suka gyara duwatsun, aka hura wuta. Sai da yamma, da na zagaya ɗebo ruwa, na ga hayaƙi na tashi daga wurin. Na tsaya da buta a hannu. Ban iya cewa a kashe ba, shinkafar mutum ɗari na kan wuta, gida cike da baƙi. Aka yi ta dahuwa a nan har kwana bakwai.

Da aka share makoki na je na duba. Ƙasar ta ƙone ta yi ja, ta yi tauri kamar gindin tukunya. Sau biyu ke nan ina kashe wa matar nan abinta, na farko da rawar kai, na biyu bayan na yi mata alkawari. Na samu Kawu yana shirin hawa babur na faɗa masa, ina kuka.

Ya ce, "Ni rabona da ganin shi wani wuri tun muna ƙauye. Sai ko lungun dutse, can kuwa kin san ba mai zuwa. Bari mu ga abin da ruwa za shi ce."

Maigidana na jin mu. Mutumin da ya taɓa zuwa da tankin feshi, shi ne ya ce da ni washegari in ruwa ya sauka ganyen bai fito ba, zai hau babur ya je lungun dutse ya ɗebo ƙasa. Na ce bai isa ba. Waɗanda suka bi hanyar nan neman itace ma ba duka suka dawo ba. Ya ce uwarsa ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai wannan ganye, shi ma ta bakin wani ta roƙa. Na san irin muryar, ta gidansu ce, ba a tanƙwara ta. Tun daga ranar na shiga kallon sama da tsoro biyu.

Ruwa ya sauka kwana uku kafin sadakar arba'in. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, kaji suka fito suna karkaɗe jiki, ko'ina ya fara tsiro, har kan katanga. Kowace safiya nakan durƙusa a bayan ɗakin Inna in duba. Na farfasa ƙasar da fartanya, na zuba taki, na yi ta ban ruwa ko da an yi ruwa. Mako ɗaya, biyu, uku. Ko tafasa ba ta fito a wurin ba. Maigidana ya kai babur aka canza masa taya, ya ce in an ci kasuwa da kwana ɗaya zai tafi da asuba.

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, na shiga ɗakin Inna don in kaɗe tabarmarta. Ɗakin na nan da ƙamshinta, man kaɗanya da hayaƙi. Sandunan na bayan ƙyaure. Ruwa ya fara sauka a hankali a kan kwano, na ce bari in ɗan kishingiɗa ya tsagaita. Ban san inda na tafi ba. Na dai ga gero ya fi ni tsayi, gajimare a kwance a tsakar gida, Inna tsaye da tulu a ka, ba tsohuwa ba, yadda na fara ganinta. Ba ta yi fushi ba. Ta dube ni ta ce, "Ina kika zubda shi?"

Na farka ruwa ya ɗauke. Ko ɗankwali ban gyara ba na fita zaure, na samu ƙanen maigidana yana gyaran buhu.

"Ƙasar da kuka kankare ranar rasuwa, kafin ku hura wuta, ina kuka kai ta?"

Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce wace ƙasa. Na ce ta bayan ɗakin Inna, kada ya sa in yi masa abin da ban taɓa yi ba. Can ya ce, "Au. Ai ramin nan da indararonki ya haƙa, bayan ɗakinki, shi muka cike da ita. Shebur huɗu ce ko biyar."

Bayan ɗakina lungu ne tsakanin bango da katanga, rana ba ta cika shiga ba, ni ma ba na shiga. Na kutsa ba takalmi. Ciyawa ta cika wurin, tafasa da harƙiya da wasu da ban san sunansu ba, duk jiƙe da ruwa. Na duba ban ga komai ba, idona ma ya cika da hawaye. Sai na durƙusa na cusa hannu cikin ciyawar ina lalube, ta ka, ina ɗar-ɗar, duk yadda Inna ta hana.

Ya cije ni a wuyan hannu.

Na buɗa ciyawar. Ga su nan a gindin bango, ba su kai tsawon yatsa ba, karan ja-ja, ganye huɗu-huɗu, farin gashin na riƙe da ɗigon ruwa. Na ƙirga bakwai na daina, don na ga wasu a bayansu. Na zauna daɓas cikin laka, ina dariya ina kuka, har maigidana ya ji ya zagayo. Na miƙa masa hannuna ya ga inda ya tashi luhu-luhu. Ya durƙusa ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya kai bayan hannunsa ya taɓa ɗaya da gangan. Ya ja iska ta haƙori. Ya tashi ya koma, na ji yana tura babur cikin ɗaki.

Na aika wa dattijon Pauwa cewa ya ba ganyen wata guda ya yi ƙwari, sannan ya zo da gwiwarsa da sandarsa, akwai turmi. Na aika wa Kawu. Duwatsun nan uku na sa an ɗauke su an kai bakin lungun, na kuma gaya wa duk gidan abin da suke tsaro, tun daga babba har ƙarami. In kaka ta yi zan kankare ƙasar in raba ƙwarya uku, ɗaya ta tafi ɗakin babbar 'yata.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta kamar lungun dutsen nan da safe, ya saka mata da kowace gwiwa da ta miƙe da kowane jariri da ya ƙoshi ta dalilinta. Yanzu ba wanda ke ce mini Amarya a gidan nan, kuma ban san zan yi kewar sunan haka ba.

Ranar da ganyen ya cije ni a lungun, 'yata ƙarama ta ga hannuna, ta ruga madafa ta ɗebo toka. Na ce ta mayar. Ya yi ta raɗaɗi har rana ta faɗi, ina zaune a bakin lungun. Ban sosa ba, na bar shi ya gama faɗin abin da ya kawo shi.